A Kula da Allon Kafaɗar 'Yan Wasa

Sanin kowa ne cewa ɗan wasan ƙwallon hannu, da na ƙwallon raga, da mai jifan mashi, duk da kafaɗa suke neman abinci. Abin takaici shi ne, a yawancin filayen wasa na ƙasar nan ba a tunawa da ita sai ranar da yaro ya kasa ɗaga hannu. A sannan ne za a ruga neman allura da man zafi, alhali kuwa ɓarnar ta daɗe da somawa.

Sau da yawa tushen ciwon yana baya, wurin allon kafaɗa. Wannan ƙashi mai faɗi yana kwance ne a bayan haƙarƙari, tsokoki 17 suna manne da shi. Idan mutum ya miƙe hannu sama har iyaka, wajen kashi ɗaya cikin uku na motsin daga juyawar allon yake fitowa. To, in tsokokin da ke riƙe da shi suka yi rauni, na ƙirji kuma suka ɗaure, sai allon ya riƙa makara wajen juyawa, ko gefensa ya turo kamar fiffike. Daga nan nauyin jifa ya koma kan gaɓar kafaɗa ita kaɗai.

Maganin wannan ba ya bukatar kuɗi masu yawa. A shekarar 2017 masana a birnin Oslo na ƙasar Norwe suka bayyana sakamakon gwajin da suka yi da 'yan ƙwallon hannu 660 na ƙungiyoyi 45. An ɗora wa wani sashe motsa jiki na kimanin minti goma, sau uku a mako, kafin a shiga horo. Haɗarin ciwon kafaɗa a cikinsu ya ragu da kashi 28 cikin ɗari, duk da cewa wajen rabin abin da aka umurce su kawai suka yi.

Motsin da ke ƙarfafa allon kafaɗa ba baƙo ba ne. Ɗan wasa ya dafa ƙasa da tafin hannu ya tura bayansa sama har allunan su buɗe. Ya kwanta rubda ciki ya ɗaga hannuwa a hankali. Ya ɗaure roba a jikin ƙarfe ya jawo ta zuwa ƙirji yana haɗe allunan. Tsohon tubun keke ma ya isa.

Wasu masu horarwa kan ce lokaci ya yi kaɗan, gasa ta ƙarato. Amma wanda ya yi rowar minti goma a yau, shi ne zai rasa gwaninsa wata da watanni gobe. Sai dai a lura, motsa jiki ba ya maye gurbin likita. Wanda kafaɗarsa ta goce, ko hannunsa ya mutu, ko ciwo ke hana shi barci, asibiti ya kamace shi.

Saboda haka wajibi ne hukumomin wasanni na jihohi su sanya wannan darasi cikin kwas ɗin masu horarwa, su kuma kai shi ga malaman wasanni na makarantun sakandare, inda yara ke fara koyon jifa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙungiyar da ta sayi riguna da ƙwallo ta bar kafaɗar yaranta a banza, ba ta riƙe amanar iyayensu ba.