Manhaja Na Ƙirga Maki, Amma Ba Ta Ganin Jifa: Ladabin Waya A Wasan Golf Na Faifai

Akwai wani wasa da ya samu karɓuwa sosai a Amurka da ƙasashen arewacin Turai irin su Finland da Estoniya, ana ce masa disc golf, wato golf na faifai. Babu ƙwallo babu sanda a cikinsa. Faifan roba ɗan wasa yake jefawa, yana neman ya saka shi cikin wani kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi da aka kafa can nesa, wani lokaci a bayan bishiyoyi ko a tsallaken ruwa. Yawanci kwanduna 18 ake bi a zagaye guda, wanda ya gama da jifa mafi ƙaranci shi ne ya ci. Wani Ba'amurke mai suna Ed Headrick ne ya ƙirƙiro wannan kwando, shi ne kuma ya kafa ƙungiyar PDGA a 1976, wadda har yau ita ke tsara dokokin wasan.

Abin da ya kawo wasan nan wannan shafi shi ne wayar hannu. A yau da wuya ka ga ɗan wasan da ba shi da manhajar UDisc a wayarsa, yana duba taswirar fili, yana auna nisan jifa da GPS, yana rubuta maki. A gasannin hukuma kuwa akwai katin maki na waya na PDGA, wanda ke aika sakamako kai tsaye zuwa PDGA Live, duk mai data a ko'ina yake a duniya ya gani. Ra'ayina shi ne wannan ci gaba ne na gaske, amma ya ƙara wa ɗan wasa nauyi biyu: ya tabbatar lambar da ya latsa gaskiya ce, kuma ya san lokacin da ya dace ya faɗi abin da allon wayarsa ya nuna masa.

Wasan da 'yan wasa ne alƙalan kansu

Mai kallon ƙwallon ƙafa ya saba da alƙali a tsakiyar fili, da mataimakansa a gefe, ga kuma VAR. A golf na faifai 'yan wasa na tafiya ne rukuni-rukuni, galibi mutum huɗu, kuma a mafi yawan gasanni babu wani jami'i da ke biye da su. Su ne ke sa wa juna ido. Idan wani ya taka inda bai kamata ba lokacin jifa, abokin tafiyarsa ne zai yi magana, kuma tarar ba ta hawa kansa sai wani a rukunin, ko jami'in gasa, ya tabbatar. Idan faifai ya ɓace a ciyawa, kowa zai shiga nema na tsawon minti uku, har wanda ɓatan faifan zai amfana. Ƙin taya nema ko ƙin kallon jifan abokin hamayya laifi ne na rashin ladabi a dokar wasan: karon farko gargaɗi, daga nan sai tarar jifa ɗaya.

To a irin wannan tsari, daga ina lambar da ke bayyana a intanet take fitowa? Daga bakin mutum, zuwa kunnen mutum, zuwa yatsan mutum. Manhaja ba ta ga faifan ya faɗa ruwa ba. Ba ta san ko jifa uku aka yi ko huɗu ba. Abin da aka ba ta shi take tarawa, kuma za ta tara ƙarya daidai yadda take tara gaskiya.

Dalilin da ya sa kowa ya riƙe nasa lissafi

Daga 2024 dokar PDGA ta wajabta wa kowane ɗan wasa ya rubuta makin duk rukuninsa, a waya ko a takarda. Kafin nan ana iya barin wa mutum ɗaya ko biyu aikin. Wasu na ganin wannan ƙarin wahala ne: mutum na fama da iska da bishiyoyi, ga kuma fito da waya sau 18, ga fargabar caji ya ƙare ko sabis ya ɗauke a cikin daji. Wasu kuma na jin kamar dokar na nufin ba a yarda da juna ba.

Ƙorafin caji gaskiya ne, amma maganinsa mai sauƙi ne, fensir da takarda a aljihu, ko ƙaramin batirin ajiya a jaka. Batun rashin yarda kuwa ban gamsu da shi ba. Ɗan kasuwar da ya ƙirga kuɗi a gabanka bai ce kai ɓarawo ba ne, yana tsare zumuncinku ne daga rigimar gobe. Idan mutum huɗu suka rubuta, kuskuren yatsa ɗaya zai fito fili nan take, tun kowa na tuna yadda aka yi jifan. Idan mutum ɗaya ne ya rubuta, sai bayan awa uku a tsaya ana gardamar abin da ya faru a kwando na biyar.

Kuskuren kuma yana da tsada. A golf na faifai, wanda ya miƙa kati da makinsa ba daidai ba ana ƙara masa tarar jifa biyu a kan ainihin makin nasa. A babban yayan wasan, wato golf na ƙwallo, har yau ana tuna abin da ya sami Roberto De Vicenzo ɗan ƙasar Ajantina a gasar Masters ta 1968. Abokin wasansa Tommy Aaron ya rubuta masa 4 a rami na 17 alhali 3 ya yi, shi kuma ya sa hannu bai duba ba. Doka ta ce lambar da ya sa wa hannu ita za ta tsaya, da haka ya rasa damar karawar raba gardama, Bob Goalby ya ɗauki kofi. Babu wanda ya yi niyyar cuta a wannan rana. Rashin dubawa kawai ya jawo.

Shi ya sa al'adar faɗin maki da baki bayan kowane kwando ta fi muhimmanci yanzu da waya ta shigo. A kira sunan mutum, ya faɗi adadinsa da murya, kowa ya ji, sannan a latsa. Wanda ya sunkuyar da kai a kan allo ya rubuta abin da yake zato, ya karya sarƙar shaidar da wasan ya dogara a kai. Idan kuma lambar da abokinka ya faɗa ba ta yi daidai da abin da idonka ya gani ba, ka yi magana a wurin, cikin mutunci, ku sake ƙirga jifan tare ɗaya bayan ɗaya. Sabo da kaza ba ya hana yanka. Yin shiru don kunya zalunci ne ga sauran 'yan wasan da ke wasu rukunan, waɗanda ba su nan balle su kare kansu.

Ganin maki daban, faɗinsa daban

Nauyi na biyu ba ya cikin littafin doka, kuma a nan ake gane mai tarbiyya. A da, ɗan wasa ba ya sanin matsayinsa sosai sai an gama an tattara katuna. Yanzu latsawa ɗaya za ta nuna maka wa ke gaba, da jifa nawa. Wasu 'yan wasan suna son sani, domin lissafin na canza dabara. A gasar cin kofin duniya ta 2021 a jihar Utah, James Conrad ya zo kwando na ƙarshe yana bayan Paul McBeth da jifa ɗaya. Sanin haka ne ya sa ya auna kwandon kai tsaye daga nisan ƙafa 247, kusan mita 75, faifan ya shiga, aka tafi raba gardama, ya lashe gasar. Wanda ke gaba da tazara mai yawa ba zai yi irin wannan kasada ba.

Amma akwai waɗanda da gangan suke ƙin duba jadawali, saboda sun san zuciyarsu. Da zarar an ce musu su ne a gaba, hannu ya fara rawa. Ka matso kusa da irin wannan mutum ana saura kwando biyu ka ce masa, kai fa kake jan ragama, ko da fatan alheri ka faɗa, ka ɗora masa kayan da bai nema ba. Idan kuwa da gangan ka faɗa don ya rikice, to ka yi amfani da waya ka yi abin da jifanka ya kasa. Ƙa'idar da nake ganin ta dace gajeriya ce: makin kwandon da aka gama dole ne a faɗa, kowa ya ji. Matsayi a jadawalin gasa kuwa sai wanda ya tambaya. Tun a kwandon farko ana iya tambayar juna wa ke son a riƙa gaya masa, a huta.

Haka nan ita kanta wayar tana da ladabinta. Dokar gasa ta hana waya mai ƙara a fili, don ƙarar shigowar saƙo ɗaya ta isa ta ɓata jifan da mutum ya tattara hankalinsa a kai. Kuma idan lokacin jifan wani ya yi, a kansa ya kamata idonka ya kasance. Wanda ke duba jadawali sa'ad da abokinsa ke jifa, da wane baki zai ba da shaida idan gardama ta taso?

Masu kallo ma da nasu

Masoya wasan da yawa ba sa kallon gasa kai tsaye a Disc Golf Network. Jira suke tashoshin YouTube irin su JomezPro su saki bidiyon da aka tace bayan an gama zagayen. Saboda haka a tsakaninsu abin kunya ne mutum ya rubuta sunan wanda ya ci a ƙarƙashin bidiyon zagayen farko, ko ya ɗauki hoton allon sakamako ya watsa ba tare da gargaɗi ba. Duk wanda aka taɓa gaya wa ƙarshen fim a zauren WhatsApp kafin ya kalla ya san zafin abin. Riga kowa sani ba gwaninta ba ce, tunda manhaja ɗaya ce a hannun kowa. Rubuta gargaɗi a saman saƙo ba ya cin data.

Za a iya cewa nan gaba kyamara da na'urori za su karɓi aikin gaba ɗaya, a huta da dogaro da bakin mutane. Ko da hakan ta yiwu a manyan gasanni masu kuɗi, ƙananan gasannin ƙarshen mako, inda mafi yawan 'yan wasa suke, za su ci gaba da tafiya a kan mutum huɗu da wayoyinsu a cikin daji. A can, ingancin lambar da duniya ke gani a allo daidai yake da gaskiyar waɗanda suka latsa ta. Ka faɗi naka da murya ko da ya yi muni, ka duba na abokinka kamar naka, ka kama bakinka a kan abin da ba a tambaye ka ba, sannan ka sake duba katin kafin ka tura.