Lafiya Uwar Jiki: Faranti ɗaya, ma'auni biyu

A wannan mako za mu duba wata matsala da ke addabar iyaye da dama a biranenmu: likita ya ce wa uwa ko uba su rage ƙiba saboda hawan jini ko ciwon sukari, ga kuma yara da ba su wuni ba tare da sun nemi abin taɓawa ba. In an sayo fanke da biskit don yara, hannun babba sai ya kai. In an hana su shiga gida, yara su kwana da kuka. To, ina mafita?

Kafin komai, a san cewa rejim na babba ne, yaro ba shi da rabo a ciki. A Nijar fiye da yara 4 cikin 10 ƴan ƙasa da shekara 5 ba su kai tsayin da ya dace da shekarunsu ba, saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Cikin yaro ƙarami ne, tuwon dare da abincin rana ba su isarsa, sai an haɗa masa da abin taɓawa sau biyu a wuni. Uwar da ta janye wa ɗanta nono ko gyaɗa don ita tana tsoron mai, ta cutar da shi ba ta sani ba.

Gyaɗa ta ishe mu misali. A shekarar 2005, lokacin matsalar abinci, an ceto dubban yara a jihar Maraɗi da wani haɗi na markaɗaɗɗiyar gyaɗa da madara da sukari da mai, mai suna Plumpy'Nut. Ƙunshi ɗaya na giram 92 yana ɗauke da kalori 500. Abin da ya tayar da yaro mai tamowa shi ne zai ƙara wa babba teɓa in ya zauna yana ɓare gyaɗa har ƙarshen hira, domin giram 100 nata ya haura kalori 550. Ke nan abinci ɗaya ne, ma'aunin ne ya bambanta.

Saboda haka mu kasa abin taɓawa kashi uku.

Kashi na farko shi ne wanda kowa zai ci ya ƙoshi: kankana, kokwamba, karoti, tumatir, gwaba, gwanda da lemun ɓawo. Giram 100 na kankana bai wuce kalori 30 ba, domin fiye da kashi 90 cikin 100 nasa ruwa ne. Waɗannan suna cika ciki ba su nauyaya jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce babba ya ci aƙalla giram 400 na ganye da ƴaƴan itace a kowace rana. Lokacin ɗari, sa'ad da kayan noman rani suka cika kasuwa, wannan ba ya da wuya. Kwaɗon zogale ma yana cikin wannan kashi, muddin ba a malale shi da mai ba, domin babban cokali ɗaya na mai kalori 120 ne. Sai dai a wanke komai da ruwa mai tsabta, a fere wanda ake ferewa.

Kashi na biyu shi ne wanda yaro zai ci sosai, babba kuma ya auna: dafaffen ƙwai, kindirmo marar sukari, cuku irin na Tawa da Abalak, dafaffen ƙwaruru, gasasshiyar masara a lokacin kaka, dafaffen dankali, gyaɗa, ayar Maraɗi da dabinon Agadas. Ƙwai ɗaya yana da giram 6 na sinadarin gina jiki, kalorinsa kuwa bai kai 80 ba, ga shi yana riƙe ciki har magariba. Ma'aunin babba a nan shi ne tafin hannunsa: gyaɗa ko aya cikin tafi ɗaya, dabino ƙwaya 2 ko 3, masara rabin zangarniya. Mangwaro ma, in lokacinsa ya zo, yaro ya sha biyu, babba ya tsaya a ɗaya. A zuba rabon kowa a ƙaramin kwano, a rufe sauran a ɗauke, domin ci daga cikin leda ba ya da iyaka.

Kashi na uku shi ne wanda ya kamata ya zauna a butiki sai ranar salla ko biki: lemun kwalba, minti, alewa, biskit, fanke da ƙanƙarar leda mai launi. Kwalbar lemu ta santilita 33 tana iya ɗauke da giram 35 na sukari, kimanin ƙwaya 7 ke nan. A shekarar 2015 OMS ta yi shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kashi 10 cikin 100 na abin da jiki ke buƙata a rana, in an sauko zuwa kashi 5 ya fi, wato kimanin giram 25 ga babba. Kwalba ɗaya ta riga ta tsallake wannan iyaka. Kada kuma a ruɗu da zoɓo da lemun kuka da kunun aya na gida: in an zuba musu sukari da ludayi, sun zama ƴan uwan lemun kwalba. A rage sukarin sannu a hankali, mako bayan mako, harshen yara zai saba.

Akwai wasu tarkuna da ya kamata a kiyaye. Na ɗaya, ragowar yara. Iyaye mata da yawa ba su zuba wa kansu komai, amma su ne ke sharce kwanon kowa don gudun almubazzaranci. A rage zubi tun farko. Na biyu, kuɗin lakkwal: dala goma ko dala ashirin da ake ba yaro da safe yawanci a teburin mai minti suke ƙarewa. Ƙwai da ayaba ko ƙullin gyaɗa a cikin jakarsa sun fi. Na uku, kada a ba ɗan ƙasa da shekara 5 gyaɗa ko aya ɗungurungum, suna iya shaƙe shi. A daka masa. Gyaɗar da ta yi fumfuna ko ɗaci a zubar, gubarta tana lalata hanta. Madarar shanu kuma a tafasa ta kafin a kwantar da kindirmo.

Mai juna biyu da mai shayarwa kada su shiga rejim sai da izinin likita ko ungozoma. Mai ciwon sukari ya tambayi likitansa ma'aunin dabino da mangwaro. Sauran kuwa su sani, rage rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ya wadatar, sannu ba ta hana zuwa.

A ƙarshe, yaro ba ya bin faɗa kamar yadda yake bin gani. In ya ga mahaifinsa da la'asar yana yanka kankana a tabarma ɗaya da shi, da haka zai tashi, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba mu lafiya, ya raya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa.