Robar Ƙofar A-kori-kura

A hutun da ya wuce na bi kawuna daga Birnin Gwari zuwa Kaduna cikin tsohuwar a-kori-kurarsa, Fijo 504, da buhunan masara a baya. Kafin mu kai Buruku farar rigata ta koma ja, kaina kuwa sai sarawa yake yi, alhali gilasai a rufe suke. Da na duba gefen ƙofa, sai na ga robar da ke zagaye da ita ta bushe ta kakkarye, har ina hangen kwalta ta kafar. Na ce, "Kawu, ba a sake wannan roba ne?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, mai neman kuɗin taya ina ya ga ta roba?"

To, ni dai ban yarda da Kawu ba, ko da yake ban faɗa masa a ranar ba.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da rani ƙura ke shigowa ta wannan kafa. Da damina ruwa ke bi ta nan ya kwanta ƙarƙashin shimfiɗar ƙafa, tsatsa ta ci ƙarfen a hankali, har ranar da za a kai wa mai walda, a biya ninkin abin da aka ƙi kashewa. Mafi muni shi ne hayaƙi. Tsohuwar mota da wuya a rasa huji a salansarta, a cikin hayaƙin kuwa akwai iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana sa ciwon kai da gyangyaɗi. Direban da ke gyangyaɗi a wannan hanya, ga ramuka ga manyan motoci, ba ransa kaɗai ya ɗauko ba.

Aikin kuma ba wani tashin hankali ba ne. A ɓamɓare tsohuwar roba, a kankare busasshen gam, a goge tsatsa, a shafa fenti a bari ya bushe. Sa'an nan a shafa gam a jikin ƙarfe da jikin sabuwar roba, a dakata har ya fara danƙo, a fara mannawa daga kusurwar sama. Kada a ja robar don ta kai, domin in ta sha rana za ta koma ta bar giɓi. Mahaɗar ta kasance a ƙasa, kada kuma a toshe ƙananan hujojin gindin ƙofa, ta nan ruwa ke fita. In an gama, a rufe ƙofa a kan takarda a ja. Inda ta zame ba gardama, nan roba ba ta kama ba.

Na san wani zai ce, mutanen da suka yi shekaru suna fama da 'yan bindiga a dajin Kamuku, waɗanda sai a watan Nuwamba na 2024 aka sake buɗe musu kasuwar shanu, su ne za a yi wa wa'azin roba? Lalle maganarsa da nauyi. Amma ai waɗannan tsofaffin motoci su ne ke fito da hatsin manomi, su ne ke kai mai naƙuda asibiti, mai su kuwa ba shi da halin sayen sabuwa. Kowace shekarar da aka ƙara wa motar, riba ce ga garin.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne samun robar. A Kakuri, nan Kaduna, aka buɗe masana'antar harhaɗa Fijo a 1975, aka yi ta fitar da 504 har cikin shekarun 2000. Itacen roba kuwa muna da shi a Kudu, har da cibiyar bincikensa a Iyanomo kusa da Benin. Duk da haka Michelin ta daina yin taya a ƙasar nan a 2007, Dunlop ta bi sahu a 2008. Da na je neman robar Kawu, abin da aka miƙo mini wadda aka ciro daga mushen wata mota ce, ta girmi tamu bushewa. Wani ya ce in yanka tsohon tub in manna, wai haka kowa ke yi.

Ya ku 'yan'uwana masu karatun injiniya, ga aikin kammala digiri a gabanku. Ku auna bakin ƙofar 404 da 504, ku ƙera bakin injin da zai matso robar daidai da shi, ku kai wa maƙeran Panteka su gani. Ku kuma sababbin ma'aikata da ke duba lafiyar motoci, in kun gama da birki da fitila, ku buɗe ƙofa ku shafa gefenta.

Ta Kawu dai mun sami robar wata mota dabam mai kama da ita, muka datse, muka manna. Ƙofar direba ta kama takarda. Ta fasinja har yanzu tana saki ta ƙasa.