Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Gwamnan Jihar Legas Kan Ƙazantar Da Ake Zubawa A Tafki

Mai girma Gwamna, ranka ya daɗe.

Ina rubuto maka ne a matsayin ɗan Arewa da ya daɗe yana cin arziki a jiharka, a nan ya yi aure, a nan 'ya'yansa suka tashi. Kukana ɗaya ne: motocin kwasar masai da ke juye kayansu a cikin rafukan da ke malala zuwa tafkin Legas.

Gidana yana yankin Ikorodu, kusa da wani rafi. Da zarar dare ya raba sai tankoki su sulalo fitilu a kashe, su sa baya ga ruwa, su buɗe bututu. Kafin a kira assalatu wari ya cika ɗakuna. Mun rufe rijiyar masallacinmu don ruwanta ya canza launi, yanzu ko na alwala saye muke yi. Yara kuwa, daga ƙuraje sai gudawa. Da mu da maƙwabtanmu Yarbawa da masunta Egun mun haɗu mun kai ƙara wani ofishi. Aka ce mu rubuto, muka rubuta. Aka turo mutum ya ɗauki hoto ya tafi. Tankokin ba su fasa ba. A 2024 cutar kwalara ta ɓarke a Legas ta ci rayuka, na ɗauka wannan zai sa a farka. Ranka ya daɗe, na gaji da zato.

Masu tankokin suna cewa ai ruwa ne, zai kwashe ya kai teku. Ba haka abin yake ba. Tafkin nan ba shi da zurfi, kuma ta ƙofa ɗaya yake haɗuwa da Tekun Atlantika, wato mashigar jiragen ruwa da ke gefen Victoria Island. Ruwan teku ya ciko ya janye sau biyu a yini, amma kafin ƙarfinsa ya iso can ciki wajenmu ya riga ya mutu. Abin da aka zuba a Ikorodu yakan daɗe a Ikorodu.

Bahaya da fitsari da jini da kashin dabbobi duk suna ɗauke da naitirojin da fosforas, sinadaran da manomi ke biyan kuɗi ya saya a buhun taki. To taki ne muke zuba wa ruwa dare da rana. Gansakuka ce ke ci, sai kuma baƙuwar kainuwar nan mai shuɗin fure, 'yar asalin Kudancin Amurka, wadda ta shigo ta Badagry daga Jamhuriyar Benin a 1984 ta samu wurin zama. Duk ƙarshen damina takan rufe tashoshin jiragen ruwa, ta naɗe farfelar inji, ta yaga komar masunta. Idan rani ya kama, ruwan gishiri ya shigo, sai ta mutu ta nutse. Ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da ita su shanye iskar oksijin da ke cikin ruwan, kifi ya gudu ko ya taso da ciki a sama, laka ta yi baƙi tana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Na ga ana tura injina suna yankar kainuwar, kuma madalla da hakan, amma muddin takin na shigowa, baɗi ma za ta dawo.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Allah Ya yi wa tafkin nan abin wanke kansa, mu muke rushewa. Fadamun laka da ke fitowa idan ruwa ya janye, da kurmin itatuwan gaɓar teku masu saiwa a waje, a cikinsu akwai ƙwayoyin da ke mayar da naitirojin iska ta tashi sama, kuma nan ne jatan lande da ƙaguwa da 'ya'yan kifi ke girma. Yau ana cike su da yashi ana sayar da fuloti, daga Lekki har bakin ruwanmu.

Ba zan ɓoye laifinmu na 'yan Arewa ba. Kasuwar dabbobi ta Kara tana bakin kogin Ogun, kuma jini da ƙazantar tumbi daga mayankar wurin a kogin suke ƙarewa, kogin kuma a tafkinka. Wurin yana jihar Ogun, don haka sai ka zauna da takwaranka na can, a kira sarakunan pawa da shugabannin 'yan tike. Ƙazantar nan tana iya zama takin gona ko gas ɗin girki, kuma na san mutanenmu, idan aka nuna musu akwai riba za su karɓa.

Jiharka ba ta rasa hukumomi ba. Akwai hukumar kare muhalli ta LASEPA, akwai ofishin kula da ruwan ƙazanta, ga cibiyar binciken teku ta tarayya, NIOMR, a Victoria Island tun 1975. Gwamnatin da ta iya hana robobin zuba abinci na sitirofom a Janairun 2024 ba za a ce tanka mai tayoyi da lamba ta gagare ta ba. Wannan ne kawai ke sa ni ban fid da rai gaba ɗaya ba.

Roƙona shi ne a yi wa kowace tanka rajista da na'urar bin sawu, a ƙara wuraren tace ƙazanta kusa da unguwanni don direba ya rasa hujjar nisa, wanda aka kama yana juyewa a rafi kuma a ƙwace motar, a hukunta mai ita, ba yaron mota kaɗai ba. A riƙa auna ruwan tafkin kowane wata a wurare sanannu, a sanar da sakamakon a rediyo da Yarbanci da Egun da Hausa. Kafin duk wannan, a turo jami'ai su kwana a bakin rafinmu. Tsakanin ƙarfe ɗaya da uku na dare tankokin suke zuwa.

Naka mai biyayya,
Wani mazaunin Ikorodu.