Masu Bi na Mafara da Bakura da Maradun, Mu Tashi Mu Nemi Nufin Allah



Duk masifar da ta auka mana a ƙasar nan, abin da muke fara cewa shi ne: nufin Allah ne. An kori manomi daga gonarsa, nufin Allah ne. An aza wa ƙauye haraji kafin a bar shi ya girbe geron da ya shuka da guminsa, nufin Allah ne. Na sani ba da mugun nufi muke faɗa ba, wanda ciwo ya ci ƙarfinsa dole ya nemi abin dafawa. Amma ku tuna da shekarar 2021. Ranar 26 ga Fabrairu aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. Cikin Agusta aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba aka ɗebi yara 73 a makarantar Kaya ta ƙasar Maradun. Wane ne zai dubi idon uwar ɗaya daga cikin yaran nan ya ce mata abin da Allah yake so ke nan?

Ba shi Allah yake so ba. Mugunta aikin mugu ce. Allah yana da ikon juya ta ta zama alheri, kamar yadda ya yi da Yusufu bayan 'yan'uwansa sun sayar da shi, amma hakan bai wanke masu sayarwa ba. A Luka sura 13 an kawo wa Yesu labarin Galilawan da Bilatus ya kashe, shi kuma ya tuna musu da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta danne. Ya ƙi yarda a ce waɗanda suka mutu sun fi kowa zunubi. Sai ya juyo kan masu rai, ya kira su zuwa tuba.

To, mene ne nufin Allah? Ba a ɓoye yake ba. Nufinsa shi ne mutum ya sami ceto, kuma babu wanda ya kamata ya fi mutumin Zamfara gane wannan magana. Mun ga yadda ake fanso ɗa daga daji. Waya ta yi ƙara cikin dare, a faɗi kuɗi. Uba ya kora shanun huɗarsa kasuwar Talata, ya sayar a yadda ta kama. Uwa ta fito da kwanoninta na aure da 'yar tunkiyar da take kiwo. A jinginar da fadama, a bi dangi gida gida, a ƙirga kuɗin a kan tabarma hannu na rawa. Wanda yake ɗaure a daji bai biya ko kwabo ba, wani ne ya talauce domin shi ya dawo gida. Haka zunubi ya ɗaure mu, ba mu da abin kwance kanmu, Yesu Almasihu ya ba da ransa a kan gicciye, ya kuma tashi a rana ta uku. Abin da ya rage mana shi ne mu tuba, mu ba da gaskiya, mu karɓa. Ba a sayen wannan ceto da baiko, ba a gadonsa daga iyaye, kuma sunan Bitrus ko Rahila a takardar haihuwa ba ya ba da shi.

Saboda haka ku yi hattara da masu cinikin tsoro. Lokacin wahala ne kasuwarsu take ci. Wani zai zo da kwalbar mai ko ruwa, ya ce an nuna masa makomarka, ka kawo kaza da kaza a buɗe maka hanya. Kada ku ba shi ko sisi. Nufin Allah yana rubuce, da harshenmu kuwa. Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa, bayan shekaru na wahalar da Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa Hausawa suka sha. Abin takaici, a gidaje da yawa yana naɗe cikin leda a saman akwati, ba ya saukowa sai safiyar Lahadi. Ku sauko da shi! Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Mutanen Biriya ko wa'azin Bulus sai da suka gwada shi da Nassi, balle na baƙon da ya sauka a tasha jiya.

Wanda aka ceta kuwa ba ya naɗe hannu. Sa'ad da aka kwashe Yahudawa zuwa Babila, annabi Irmiya ya aika musu wasiƙa su gina gidaje, su yi shuka, su nemi zaman lafiyar garin da suke ciki, su yi masa addu'a. Mu ko baƙunci ba mu yi a nan ba, da yawanmu a nan aka yanke cibiyarmu. Ruwan madatsar Bakolori da ke shayar da shinkafar maƙwabcinka shi ke shayar da taka. Mu 'yan kaɗan ne, gaskiya ne, kuma tun da aka ƙaddamar da shari'a a Gusau a 1999 mun san mene ne taka tsantsan. Amma ƙarancin adadi ba hujjar rufe ƙofa ba ne. Mafi yawan waɗanda 'yan bindiga suka kashe ko suka raba da gidajensu a ƙauyukan nan Musulmi ne, maƙwabtanmu, abokan cinikinmu. Kukansu namu ne.

Ba mu manta Agustan 2016 ba, lokacin da aka zargi wani ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ɓatanci, mutum 8 suka rasa rayukansu a Talata Mafara. Wutar da aka cinna a lokacin, gidan mutumin da ya yi ƙoƙarin ceton ɗalibin ta ci. Ya ga rai cikin haɗari, bai kauce hanya ba. Wanda ya taɓa jin labarin Basamariyen nan na Luka sura 10 ya san abin da ake nema a gare shi. Matasanmu, ina roƙon ku, kada ku bar gaba ta yi sheƙa a zuciyarku. Ramuwa ba hanyar Almasihu ba ce. Faɗin gaskiya a gaban hukuma da neman a tsare rayukan talakawa kuwa, wannan haƙƙinku ne, ku yi shi da murya a buɗe.

Fastoci da dattawan ikkilisiya, ku koya wa mutane ceto dalla dalla, har tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta iya bayyana shi ga jikanta. Iyayenmu na Zumuntar Mata, ku kuka san gwauruwar da ta kwana ba ta ɗora tukunya ba, ku kai mata tiyar hatsi, kada ku tambayi inda take sujada. Malaman makarantar Lahadi, ku nemo yaran da gudun hijira ya raba da karatu, ku zaunar da su ko a gindin darbejiya ne. Magidanta, kafin a kwanta yau, ku tara iyali, ku buɗe Bisharar Yohanna daga sura ta fari, gobe ku ɗora daga inda kuka tsaya.