Fijon da Ta Riga Zamaninta Zuwa

Wani mai karanta wannan shafi daga Maruta, ta ƙaramar hukumar Gwaram, ya aiko da tambaya game da motar da ya gani a wani wasan kwaikwayo na talabijin wanda aka ce labarinsa ya auku a 1965. Farar Fijo ce ta kawo hakimi ƙofar fada, sai gardama ta kaure a majalisarsu: 404 ce ko 504? Tambayar ta yi kama da ta masu neman abin hira, amma a ƙarƙashinta akwai batun yadda muke riƙon tarihinmu.

Rarrabe motocin biyu ba shi da wuya. Fijo 404 ta fito a Faransa a 1960. Fitilunta na gaba kewayayyu ne, gefunan bayanta kuma miƙaƙƙu ne masu tsini kamar ƙayar kifi. Ita kuwa 504 sai a 1968 ta fito, har ta ci kambin motar shekara ta Turai a 1969. Fitilunta masu kusurwa ne, but ɗinta kuma ya ɗan rusuna ta baya, kamar an danne shi da hannu. Mai tambayar ya ce fitilun motar hakimin masu kusurwa ne. Idan haka ne, 504 ce, kuma an hau da basaraken motar da sai bayan shekara uku za a ƙera ta.

Alama ta biyu ita ce sitiyari. Nijeriya ta gaji tuƙin hannun hagu daga Turawan Ingila, ba ta koma hannun dama ba sai ranar 2 ga Afrilu, 1972. Kafin ranar, akasarin motocin da ke bin hanyar Kano zuwa Maiduguri, suna ratsa Wudil da Birnin Kudu, sitiyarinsu a dama yake. Mota mai sitiyari a hagu a wancan zamani tana bukatar dalili a cikin labarin, alal misali a ce daga Maraɗi ko Damagaram ta shigo, inda ake bin tsarin Faransa.

Alama ta uku lambar mota ce. Jihar Jigawa ba ta samu ba sai ranar 27 ga Agusta, 1991, lokacin da aka cire ta daga Jihar Kano. Duk motar da ta bayyana da sunan Jigawa a lambarta cikin labarin zamanin Sardauna, ko na mulkin Abubakar Rimi daga 1979 zuwa 1983, ta tona asirin kanta tun kafin direba ya kashe inji.

Wani zai ce wasa ne kawai, kuma masu shirya shi ba su da kuɗin farautar tsohuwar mota. Uzuri ne mai ƙarfi, domin kowa ya san halin da masana'antar take ciki. Sai dai ɗalibanmu da yawa a yau daga allon talabijin da na waya suke ɗaukar hoton jiya, ba daga littafi ba, kuma abin da ido ya gani ya fi daɗewa a zuciya. Mota a ƙasar nan shaida ce ta zamani. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, shekarar da Volkswagen ya fara nasa a Legas, daga nan 504 ta zama motar jami'an gwamnati, doguwarta kuma ta zama motar haya tsakanin garuruwa. Wanda ya kai ta 1965 ya haɗe Jamhuriya ta Farko da zamanin arzikin man fetur, ya share yaƙin basasa da ke tsakaninsu, alhali ko kuɗin aljihun direban ba ɗaya ba ne: fam da sule ne a farko, naira da kwabo daga Janairun 1973.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. Tsofaffin direbobi da makanikai a tashoshin Birnin Kudu da Gwaram suna iya faɗa maka ƙirar mota daga ƙarar injinta, kuma shawararsu ba ta da tsada. In motar ta gagara samuwa, a ɗauki hoton ta cikinta, ko a bar hakimin a kan dokinsa, wanda ba ya saɓa wa kowane zamani.

Babban abin tsoro shi ne motocin kansu suna ƙarewa. Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976, tana ajiye a gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Legas, saboda an ɗauke ta a matsayin shaida. A nan kuwa, a-kori-kura ƙirar 404 da ta yi shekaru tana jigilar hatsi zuwa kasuwannin ƙauye, 'yan gwangwan ne ke saye ta a kan sikeli. Ya kamata hukumomin tarihi da al'adu na Jigawa da Kano su sayi ko da guda ɗaya daga kowace ƙira, su adana tare da takardunta da bayanin waɗanda suka tuƙa ta, su riƙa ba masu fim haya. Birnin Kudu ta riƙe zanen da magabata suka bari a jikin duwatsunta tsawon ƙarnuka. Bai dace ƙarfen shekara sittin ya gagare mu riƙewa ba.