Kafin a goge kwamfutar ofis

Da zarar sabunta Ubuntu ya cije a ofis, sai ka ji an ce a goge kwamfutar ɗungurungum, takardun shekaru su bi ruwa. Wannan gaggawa ce. Sau da yawa wuta aka ɗauke ana tsakiyar girkawa, aikin ya tsaya rabi, kuma umarnin "sudo dpkg --configure -a" kan ƙarasa shi. Wani lokacin sashen /boot ne ya cika, "sudo apt autoremove" ya rage masa kaya.

Waɗanda suka fi tayar mini da hankali su ne masu daina sabuntawa don tsoro. Tallafin Ubuntu 20.04 na yau da kullum ya ƙare a Mayun 2025. Duk kwamfutar da ke kanta ba tare da Ubuntu Pro ba, ko da bayanan albashi take riƙe da su, ta daina samun gyaran tsaro.